Ciwon Baturiya da Moɗar Randarmu

Daga Admin: Wata baiwar Allah ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta. Dattijuwa ce, a yi sharhi da ladabi.

Assalamu alaikum 'yan guruf, mazanku da matanku, da fatan kowa ya tashi lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun kafin in fara ina roƙo, duk wanda ya san "Hajiya ki yi haƙuri" kawai zai rubuta min to ya adana datarsa, haƙuri na san shi tun ba a haifi iyayen wasunku ba. Ni tsohuwa ce, na haura saba'in da daɗewa, a birnin Sakkwato aka haife ni, yanzu ina zaune unguwar Runjin Sambo gidan ɗana. Ban iya latsa waya ba, jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata, ta ce za ta gyara Sakkwatancina don mutanen Kano su gane, na ce ta gyara amma kar ta kuskura ta rage min zafin magana. Sunayen da za ku gani duk na sauya su, ban da na kyanwa.

E, maganar kyanwa ce, mussa kamar yadda muke cewa a nan, mai dariya ya yi abarsa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, sai yayarta, zan kira ta Inna Tumba, wadda mijinta ya rasu kuma ta riga ta aurar da ɗiyarta guda a ƙauyen Dundaye, ta dawo gidanmu don ta riƙe ni. Aka ba mu sashe can ƙuryar gida, ɗaki ɗaya da rumfa da randarmu ta kanmu, saboda babbar randar gida ta yi mana nisa. Inna Tumba ba ta da yawan magana, ga tsabta har ta yi yawa, kaɗi take yi tana sayar da zare. Ita ta tsinto min kyanwar tana 'yar mitsitsiya a bakin kwata, fara tas, idonta shuɗi-shuɗi, ba ta cin tuwo sai an zuba mata nono, shi ya sa Inna ta sa mata suna Baturiya. Tare muke kwana tare muke tashi, in na dawo makarantar allo a bakin zaure nake samunta tana jirana. Marainiya ce ni, kar ku ga laifina, abin da nake gaya wa kyanwar nan ban gaya wa kowa ba. Tana da ɗan kaskonta a gindin randa inda muke zuba mata ruwa, wanda ya ɗiga daga moɗa ma a ciki yake taruwa.

Babanmu dillalin fatu ne, yana sayen fatun jar akuya daga ƙauyuka yana kai wa kamfanin Turawa. Sitonsa yana kasuwa, kuma ko fata ɗaya ba ya yarda a shigo masa da ita gida, yakan ce gidansa ba majema ba ce. Yana da ƙane da ya riƙa tun yana yaro, zan kira shi Baffa Modi, a lokacin saurayi ne ɗan gaye, ga keke ga agogo, shi ke taimaka wa Baba a sito. Akwai wani tsohon ɗaki a bayan sashenmu da ƙofarsa ke fita lungu, Baffa Modi ya sa masa kwaɗo ya ce kayan kekensa yake ajiyewa. Yakan leƙo ta 'yar ƙofar da ke tsakaninmu ya ce Inna a ba ni aron moɗa, ya ɗauka ya tafi, can ya dawo da ita ya ɗauraye a kan kaskon Baturiya ya kife a bakin randa. Wa zai kawo wani abu a ransa don ɗan gida ya ari moɗa?

Shekarar da aka samu 'yancin kai, ina wajen sha biyu, da damina ta yi nisa, Baturiya ta fara ciwo. Farko amai, mun ɗauka ƙadangare ta ci. Sai zawo, sai ta daina cin abinci, ko nono aka ajiye mata sai ta shinshina ta kau da kai, amma ruwa kuwa kamar ta haɗiye kaskon, ta sha ta amayar ta koma ta sake sha. Miyau yana dalala a bakinta, gashinta yana zuba a tabarma, ƙafafunta na baya suka fara rawa, in ta zo tafiya sai ta karkace ta faɗi. Wani lokaci ta ɗan ji sauƙi har ta biyo ni zaure, in yi ta murna, kwana biyu kuma ta koma gidan jiya. Kukanta ma ya sauya, wani siririn kuka take yi tana kallona, ni kuma in zauna in tasa ta gaba ina nawa kukan. Baffa Modi yakan wuce yana tsokanata, wai ai Turawa za su koma garinsu, ita ma Baturiya kayanta take haɗawa. Har yau ban manta dariyarsa ba.

Babu abin da ba mu yi ba. Inna ta ɗura mata man shanu, ta jiƙa mata sabara, ta gwada jar kanwa. Na je wurin malaminmu na allo ina kuka, bawan Allah bai kore ni ba, ya yi min rubutu ya ce ai ita ma rai gare ta, na wanke na zuba mata a kasko da ruwan randa. Wanzamin gidanmu ya buɗe bakinta ya duba ya ce ƙaya ce ta maƙale, ya zura yatsa bai samu komai ba sai yakushi. Wata maƙwabciya ta ce tsutsar ciki ce, wata ta ce maciji ta yi faɗa da shi, wata tsohuwa kuma ta ce a'a, in kyanwa ta kwanta irin wannan kwanciya a gida to jifa aka yi wa mai gidan ita ta tare. Kowa da nasa, kyanwa kuwa tana ta ƙarewa har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne rashin sanin sunan ciwon, na yi ta bin manya ina tambaya mene ne ke damunta, suna ce min ke tafi can, mussa ce fa.

Da na ishi Baba da kuka har na daina cin abinci, sai ya ce wa Baffa Modi ya ɗauke ni a keke ya kai ni wurin masu duba dabbobi na gwamnati, ko don a huta da ni. Na sa ta a kwando na rufe da ɗankwalin Inna. Wurin cike da Fulani da shanunsu da masu dawaki, da suka ga abin da na buɗe sai dariya har da riƙe ciki, wani ya ce gobe kuma sai a kawo ɓera. Amma malamin dabbobin da ke wurin, wani dogo mai gajeren wando, bai yi dariya ba. Ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya shinshina bakinta, ya matsa cikinta, sannan ya dube mu ya ce, ana ajiye fatu ko maganin fatu a gidanku? Na buɗe baki ke nan Baffa Modi ya riga ni, ya ce "A'a, ko ɗaya, hwatunmu na kasuwa." Ni ma na gyaɗa kai, don iyakar sanina gaskiya ya faɗa. Malamin ya ce to a yi ta ba ta madara da ruwa mai kyau, sannan ya ja Baffa Modi gefe suka yi magana ni ban ji ba. A hanyar dawowa na tambaye shi me ya ce, ya ce min wai tsufa ne. Kyanwar da ba ta fi shekara uku ba! Ranar dai bai tsokane ni ba, kuma daga ranar bai sake aron moɗa ba.

Ba a yi mako ba ni ma na kwanta, kuma ciwon Baturiya sak. Amai, zawo, ƙishirwa kamar maƙogwarona zai tsage, ciki yana murɗa, tafin ƙafata yana zafi. Inna tana ɗebo min ruwa a randa tana ba ni, in sha in amayar in ce a ƙara. Hankalin Baba ya tashi ya ce asibiti za a kai ni, a nan ne Baffa Modi ya tare shi a zaure ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, allura ma ƙarasa ni za ta yi. Ya ce a duba mana, su uku ne a sashen nan, mussa ta kwanta, yarinya ta kwanta, mutum ɗaya ce ke yawo garau ko ciwon kai ba ta yi. Gaskiya ne Inna ba ta yi ciwo ba, amma kowa a gidan ya san ba ta shan ruwan randa, tana da ciwon sanyi, jiƙonta take sha daga wani ɗan tulu da take cikawa da kanta a rijiya. Babu wanda ya tuna da wannan. Kalmar maita daga bakinsa ta fara fita, kafin la'asar ta zaga unguwa. Ni kuma zazzaɓi ya rufe ni ina ta kiran Inna, Inna, wa zan kira in ba ita ba? Kun san al'adarmu, an ce wanda aka kama wa kurwa sunan mai kamun yake kira. Baffa Modi ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa matan gida, "To kun ji da kunnenku."

Abin da aka yi wa baiwar Allah nan ba zan iya faɗinsa duka ba, jikata ma ta ajiye waya ta share hawaye. Aka tara mata jama'a a tsakar gida, aka fito da ni aka shimfiɗe a tabarma, aka tuɓe wa Inna zane, mace mai furfura wadda ko ni ban taɓa ganin gwiwarta ba, aka ce ta tsallaka ni ta sakar min kurwa. Tana rantsuwa da Allah da Annabi, ana ce mata munafuka. Ta tsallaka, aka sa ta kurkure baki aka ɗura min ruwan. Sannan Baffa Modi ya shigo da taɓarya yana huci, ya ce duk abin da hannunta ya taɓa sai an raba gidan da shi, ya fasa randarmu, ya fasa kaskon Baturiya, ya jefa moɗa a murhu. Mata suna sa masa albarka, wai ɗan halak mai kishin ɗiyar ɗan'uwansa. Don kar abin ya shafi marigayiya mahaifiyata da ni, sai aka ce ba gado ta yi ba, a gidan mijinta ta haɗiyi ƙanƙarar maita. Makon bikin 'yancin kai ne, gari ko'ina kiɗa, yara suna gudu da 'yan tutoci, ita kuwa Inna Tumba aka kore ta, ta fita daga gidan da ƙullin kayanta a ka, yaran suka bar tuta suka bi ta da jifa. Kafin ta fita ta tsuguna ta shafa Baturiya da ke kwance a kwando, wata ta buge mata hannu. Kyanwar ba ta kai washegari da rana ba, aka jefar da ita a juji ina kwance ban ma gani ba.

Ni kuma na warke. Aka mayar da ni sashen kakata ta wajen uba, ina shan ruwan babbar randa, cikin 'yan kwanaki na tashi. Wannan warkewar tawa ita ta zama shaida a kan Inna har ta mutu. Ni dai ban taɓa yarda ba, amma duk wanda na yi wa musu sai ya ce to in ba ita ba ce me ya sa kika tashi da ta tafi. Ta koma Dundaye wurin ɗiyarta, labari ya riga ta isa, aka yi mata 'yar bukka a bayan gida. Babu mai sayen zarenta, in ta nufo rijiya mata su janye 'ya'yansu. Sai da na yi aure na samu ikon zuwa wurinta. Da na haifi ɗana na fari na kai mata shi, na miƙa mata, sai ta ɓoye hannuwanta a cikin zane ta ja baya. Ta ce min, "Ɗiyata, kar ki ba ni shi, ko ina da abin nan ban sani ba? Ke dai kin warke da nit tahi." Jama'a kun ji inda aka kai ta, ita kanta ta fara zargin kanta. Haka ta rasu ba ta sake ɗaukar jariri ba, ko nata jikokin daga nesa take musu wasa. Mutanen da suka yi mata salla ba su cika sahu ba.

Kar ku ɗauka abin ya wuce da mutuwarta. An ce maita a nono ake sha, to duk ɗiya mace da ta fito ta tsatson Inna da tabon take tashi, wasu sai can nesa aka kai su aure inda ba a san su ba. Yanzu haka akwai tattaɓa-kunnenta, zan kira ta Hadiza, yarinya mai hankali, ta gama karatun nas. Wani yaro ya fito, an kai gaisuwa, an fara maganar sa rana, sai danginsa suka shiga binciken asali kamar yadda aka saba, wani ɗan baƙin ciki ya rada musu cewa gidan mayu ne. Mahaifin yaron ya dakatar da magana. Mutane masu digiri, masu waya a hannu! Yarinyar nan ta zo ta kifa kai a cinyata tana tambayata, Hajiya da gaske ne kakarmu ta ci kurwarki?

Ana cikin haka watan jiya aka aiko daga unguwar Mabera wai Baffa Modi yana nemana. Yanzu Alhaji ne babba, ya kusa casa'in, fatun nan su suka yi masa arziki, ya gina masallaci a ƙofar gidansa, 'ya'ya da jikoki ko'ina. Ɓarin jikinsa ya shanye, likitoci sun sallamo shi gida. Na je da zuciya ɗaya har da 'yar furata. Ya sa kowa ya fita, ya ce in matso. Sai ya ce min ko na tuna mussata fara. Na ce ko a kabari aka tambaye ni zan tuna. Ya ce to shi ya kashe ta. A wancan ɗakin na lungu ba kayan keke ke ciki ba, fatu yake saye a ɓoye yana kasuwancinsa a bayan idon Baba. Da damina ƙwari na cin fata, akwai wani farin gari da kamfani ke bayarwa a jiƙa a ruwa a tsoma fatu, guba ce tsantsa, Baba ya hana ko gwangwaninta ya ƙetare zaure. Da moɗarmu yake ɗiba yana damawa, ya ɗauraye a kaskon kyanwa, ya kife mana a randa. Ya ce da farko bai san ita ke sa ciwon ba, sai ranar da malamin dabbobi ya ja shi gefe ya ce masa wannan kyanwa guba take sha, a bincika gida tun kafin ta kai ga mutum. To daga ranar ya sani. Ya daina aro, amma moɗar duma ce, ta riga ta sha gubar, randa kuma ƙara mata ruwa ake yi ba a juyewa, kuma ba shi da hujjar fasawa ba tare da Baba ya tambayi dalili ba. Yana kallo ina sha. Da na kwanta ya san in aka je asibiti za a yi irin waccan tambayar, Baba zai buɗe ɗakin lungu ya kore shi daga gida da sito. Sai ya nemo hanyar da zai fasa randa a gaban kowa a kuma sa masa albarka.

Shekara sittin da wani abu ina neman sunan ciwon kyanwata, ashe yana cikin bakin mutumin da nake durƙusawa ina gaisarwa duk salla. Shi ya zama waliyyina da Baba ya rasu, shi ya yi wa ɗana huɗuba. Yana gama faɗa ya kama kuka, ya ce Inna Tumba yake gani ko ya rufe ido ko ya buɗe, ita ta riga ta tafi, ni ce na rage, in yafe masa kuma in rufa masa asiri. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, ni da ke tashi da sanda. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa babba ba, na ce Allah ya isa tsakaninmu, na ce asirin da ka rufa wa Inna ranar da aka tuɓe ta shi zan rufa maka. Na ɗauki furata na fito. 'Ya'yansa suka biyo ni suna tambaya, na wuce abina.

Da na huce kaɗan na tuna Hadiza, sai na koma. Na ce masa ya faɗi abin da ya faɗa min a gaban jama'a. Ya ce ba zai iya ba, mutuncinsa, 'ya'yansa, masallacinsa. Muka yi ta ja, babban ɗansa da ya fahimci akwai magana ya shiga tsakani, ya ce ciwo ne ke sa tsoho sambatu, har ya ce wa mai gadi in na zo a ce Alhaji na barci. Amma shi tsohon, tsoron mutuwa ya fi ƙarfinsa, ya sake aikowa da kansa. Ga inda muka tsaya: ya yarda zai faɗa a gaban mutum biyu, limamin unguwa da mahaifin yaron da ke neman Hadiza, su kaɗai, amma da sharaɗin sai na fara cewa na yafe masa duniya da lahira a gabansu kafin ya buɗe baki. Kun ji ɗan kasuwa, yana kan gargara yana ciniki.

To ga inda na maƙale. Idan na ƙi, ya mutu da maganarsa, kuma kullum jikinsa ƙara lalacewa yake, harshensa ya fara nauyi. Wa zai yarda da ni, tsohuwa da labarin mussa, a kan Alhaji mai masallaci? Auren Hadiza ya tafi ke nan, tabon kuma ya bi 'ya'yanta. Idan kuma na yarda, ya samu abin da yake so, ya wanke hannunsa ya tafi a sanyaye, a cika titi da motoci a jana'izarsa, mutum biyu kawai suka san ko shi wane ne. Ni kuwa ba na so ya tafi a sanyaye, ba zan yi muku ƙarya ba. So nake ya ɗanɗani ko kaɗan daga abin da Inna ta sha, so nake jikokinsa su ji yadda ake ji in an nuna gidanku da baki. Jikata ta ce mu shiga da waya a jaka mu yi rikodin mu watsa a guruf ɗin dangi, raina ya so wannan ƙwarai, amma ɗana ya ce in na yi haka na raba zumunci har abada, kuma za su ce haɗawa aka yi da kwamfuta. Na kuma yi tunanin in bari sai ranar zaman makokinsa, in tashi tsakiyar mata in zazzage komai. Wannan zai sanyaya min rai, amma ba zai ɗaura wa Hadiza aure ba.

Shi ya sa na zo gare ku, musamman malaman da ke cikin guruf ɗin nan, ku gaya min gaskiya kar ku lallashe ni. In na furta na yafe da baki alhali zuciyata ba ta yafe ba, yafiyar ta karɓu, ko hakkin yana nan a wuyansa? Kuma ni ina da ikon yafe hakkin Inna Tumba, ko nawa kaɗai ne da na Baturiya a hannuna? Domin in kun tabbatar min hakkin Inna yana nan yana jiransa komai na faɗa, to gobe da hantsi zan shiga Keke Napep in je Mabera in faɗa masa abin da yake son ji, a ɗaura wa yarinya aurenta, su ƙarasa shari'arsu can inda ba a ciniki. In kuwa furucina zai wanke shi tas, to ku faɗa min yadda zan yi da Hadiza, don ban ga bakina zai iya ba.

Abu ɗaya dai na riga na yanke, wannan ba shawararku nake nema a kai ba. Na aika kasuwa an sayo min moɗar duma sabuwa, tana nan cikin jakata. Duk ranar da zan je, kafin kowa ya ce uffan, zan cika ta da ruwa, ruwa zalla wallahi ba komai a ciki, in miƙa masa da hannuna a gaban liman in ce Baffa sha. Ina so in ga ko zai iya kai ta baki.

Sauran kuma ina sauraronku. In faɗa masa na yafe, ko kar in faɗa?